Rikoda ko Waya? Amsoshi ga Masu Son Naɗar Sautin Yininsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Mantuwa ta fara yi mini yawa, don haka nake son in riƙa naɗar sautin abin da ke gudana a kusa da ni tun daga safe har in kwanta. Shin wayata ta isa, ko kuwa in sayi ƙaramar rikoda, kuma wane girman memori zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka sayi rikoda. Waya tana iya ɗaukar hira ta awa ɗaya ko biyu lafiya lau, amma ba a yi ta don yini guda ba, domin kira yana iya katse naɗin, kuma wayoyi da yawa sukan kashe manhajar da ta daɗe tana aiki a ɓoye don tattalin caji, sai dare ya yi ka tarar tun hantsi komai ya tsaya. Sony da Zoom duk suna ƙera irin waɗannan rikodoji, sai dai kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali. Ka duba ko tana karɓar katin memori, ko tana da maɓallin kulle wanda zai hana aljihu danna ta, ko kuma kwamfuta tana ganinta a matsayin ma'ajiya ta yau da kullum ba sai an girka wata manhaja ba. Ni na fi son mai cin batir AAA, saboda idan ya ƙare da rana a minti ɗaya ka sauya shi, alhali mai batir a ciki sai ka jira ta yi caji.

Girman memori kuwa ya danganta da tsarin fayil ɗin sauti da ka zaɓa. Tsarin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 635 a awa ɗaya, wato awa 16 za su haura gigabait 10, shekara kuma ta kai wajen terabait 3.7, kuma fayil ɗaya na WAV ba ya wuce gigabait 4, don haka rikodar za ta tsinka maka yinin gida-gida ko ma ta tsaya. Muryar mutum ba ta bukatar wannan almubazzaranci. MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa yana cin megabait 460 a awa 16, wanda bai wuce gigabait 168 a shekara ba, kuma kalmomi suna fita tangaran. Abin da ya fi ɓata naɗi shi ne gogar tufa a kan makirfo, wadda ke fitowa kamar ana jan buhu a ƙasa, don haka ka maƙala ta a ƙirji a waje, ko ka haɗa mata ɗan makirfon da ake sokewa a wuyan riga. Sannan ka riƙa duba agogonta duk lokacin da ka sauya batir. Na taɓa yin sakaci da wannan, na wayi gari da fayilolin mako guda cur duk suna ɗauke da ranar 1 ga Janairu.

Tambaya: Na yi wata uku ina naɗi kullum, amma yanzu idan ina neman wata magana ba na iya gano ta. Wace manhaja za ki ba ni shawara in saya?

Amsa: Hajiya, kafin ki kashe ko sisi, ki gyara sunayen fayilolin, ki fara kowanne da shekara, sannan wata, sannan rana da awa, kamar 2024-03-09-0700, domin da haka kwamfuta za ta jera su da kanta. Matsalar da kika shiga ita ce ainihin matsalar wannan harka, domin sauraron awa 16 yana cin awa 16, kuma babu mai wannan lokacin. Gordon Bell, wani masanin kwamfuta wanda ya yi shekaru yana taskace rayuwarsa a aikin MyLifeBits na kamfanin Microsoft, sai da aka gina masa rumbun bayanai da ake iya bincikawa kafin tarin ya yi amfani.

Kayan aikin da kike bukata kyauta ne. Shirin ffmpeg yana iya yanke dogon shiru ya kuma matse fayiloli da yawa a lokaci ɗaya, Audacity kuma yana nuna miki siffar sautin ki ga inda aka yi magana. Shirin Whisper, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a Satumbar 2022, yana mayar da magana rubutu a kan kwamfutarki ba tare da an tura komai intanet ba, kuma da zarar kin sami rubutu sai ki nemi kalma kamar yadda ake nema a kowace takarda. Amma ki sani ya fi ƙwarewa a harsunan da ke da rubutu mai yawa a intanet, kuma hayaniya tana rikita shi, har yakan ƙago jimlar da ba wanda ya faɗa, don haka ki riƙe rubutun a matsayin manuniya, sautin shi ne shaida. Ki kuma ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ki kulle su da kalmar sirri.

Tambaya: Dole ne in sanar da mutanen da nake naɗar muryarsu?

Amsa: Ka sanar da su, kuma ka duba dokar inda kake zaune. A Jamus, naɗar maganar da mutum ya yi a keɓe ba da izininsa ba laifi ne da zai iya kai wa ga ɗaurin shekara 3, a Amurka kuwa dokar tarayya ta wadatu da yardar mutum ɗaya daga cikin masu hirar, amma jihar Kalifoniya tana bukatar yardar kowa. Ko da doka ta ƙyale ka, wanda ya buɗe maka cikinsa bai yi da rikoda ba, saboda haka ka sayi wadda ke da fitilar da ke nuna tana aiki, ka kuma saba da dakatar da ita da zarar wani ya ce maganar tsakaninku ce.