Hilux ko Tundra: amsa ga Alhaji mai sayar da taki da maganin feshi

Wani Alhaji daga Kano ya turo min tambaya, yace yana sayar da takin zamani da maganin feshi da iri, sati-sati yana kai kaya kasuwannin ƙauye sau uku ya dawo da riɗi ko wake, kuɗin hayar mota ya ishe shi yanzu yana son tasa ta kansa. Dillali ya nuna masa biyu: Toyota Hilux mai ƙofa huɗu mai shan fetur, da Toyota Tundra 'yar Amurka wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ga kujerun fata ga sanyi, kuma abin mamaki kuɗinta bai kai na Hilux ɗin ba. Yace "tunda babbar ta fi araha kuma zata fi ɗaukar kaya, me zai hana in ɗauke ta?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kafin komai bari in gyara maka abu ɗaya, domin duk lissafinka a kansa ya tsaya: babbar ba ta fi ɗaukar kaya ba. Na san ido zai ƙaryata ni, amma ka koma wurin dillalin ka buɗe ƙofar direba ta Tundra ɗin, ka duba jikin ginshiƙin ƙofar akwai wata 'yar takarda da aka manna mai bayanin iskar taya, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tana da ita, a nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya da aka yarda ta ɗauka. Ni da kaina na taɓa raka wani abokin cinikina gareji kan irin wannan maganar, ya riga ya gama yanke shawara a ransa har ya fara zancen launin tamfol ɗin da zai sa mata, na durƙusa na goge ƙurar takardar da babban yatsa na nuna masa lambar, kilo 600 da 'yan kai. Shiru yayi yana kallon ƙatuwar motar kamar an musanya masa ita. Tundra mai ƙofa huɗu manya, wadda ake kira CrewMax, yawanci tsakanin kilo 600 zuwa 750 take tsayawa, ita kuwa Hilux kusan tan ɗaya take ɗauka. Kuma bodin bayan CrewMax ɗin ƙafa 5 da rabi ne kacal, ɗakin fasinja ya cinye tsawon.

Dalili shi ne kowacce da aikin da aka ƙera ta dominsa. Tundra a garin San Antonio na jihar Texas ake haɗa ta, ita da 'yan uwanta Ford F-150 da Ram 1500 da Chevrolet Silverado an yi su ne don Ba'amurken da zai ɗaure tirela a baya ya ja jirgin ruwansa ko dawakinsa ko ɗakin kwana mai taya a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Wajen ja kam ba a magana, Tundra mai injin lita 5.7 tana jan abin da ya kai tan 4 da rabi, Hilux kuwa ko mai gas ce iyakarta tan 3 da rabi. Amma motar ita kanta nauyi ne da ita, kuma an sassauta sifirin ɗinta don a ji daɗin zama, shi yasa abin da ya rage na lodi kaɗan ne. Hilux ko a Amurka ma ba a sayar da ita, Tacoma suke da ita a madadinta, ita Hilux a Tailan da Afirka ta Kudu aka fi haɗa ta don irin hanyoyinmu, burji da yashi da kwazazzabai da buhu a baya. To kai Alhaji me kake ja? Ba ka jan komai, lodi kake yi.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda ni aikina yake. Tundra ta 2007 zuwa 2021 wadda ita ce ta cika garejin dillalanmu, yawanci injin silinda 8 gare ta, a lissafin can ƙasarsu ma tana shan kusan lita 16 a kilomita 100, Hilux mai injin 2.7 silinda 4 kuwa wajen lita 12. Da lodi da ramuka duk biyun zasu wuce haka amma mu tsaya a nan. A ce zuwa da dawowarka kilomita 300 ne, a ce lita N1,000 don sauƙin lissafi, kai sai ka sa farashin da kake saye yau. Tundra lita 48, N48,000. Hilux lita 36, N36,000. In ka cire nauyin direba da yaron mota, Hilux zata ɗauki buhun taki mai kilo 50 kamar 16 ba tare da an zalunce ta ba, Tundra in an yi mata adalci 12. Kaga kenan kowane buhu a Hilux ya ci man N2,250, a Tundra ya ci N4,000, kuma manomin da zai saya a kasuwa ba ruwansa da irin motar da ta kawo, farashin maƙwabcinka zai tambaya. Bambancin N12,000 a kowace tafiya sau uku a sati, a shekara ya haura miliyan 1 da dubu 800, man kawai. Wannan arahar da dillali yake nuna maka ka auna ta da wannan lambar ka ga shekara nawa zata yi kafin gidan mai ya karɓe ta.

Kuma arahar ma ba banza ta zo ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 mutane suke gudun manyan injina, masu su suna neman kai da su. Ranar da kai ma zaka sayar haka zaka same ta, kana ta kiran dillalai ana ce maka sai an samu mai so. Hilux kuwa 'yan kwangila na nema, ƙungiyoyin agaji na nema, manoma na nema, ko ta tsufa kuɗi ce a ajiye, kuma ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu bane domin wata rana jari zai ƙafe a tsakiyar damina ka buƙaci kuɗi cikin sati ɗaya.

Sai gyara. Fulogi 8 maimakon 4, baƙin mai kusan lita 7 da rabi duk juye, tayoyi manya masu tsada. Injin Tundra ɗin fa mai ƙarko ne, ban ce ba shi da kyau ba, matsalar ranar da wani ƙaramin abu ya lalace ne. Kayan Hilux ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka fito da su kafin la'asar, sabo ko na Beljiyam, kuma bakaniken ƙauye ma ya san cikinta. Na Tundra sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, wani lokaci sai an yi odarsa daga waje. Na ga wata a wani gareji ta yi sati uku a kan duwatsu an cire ƙafar gaba ana jiran abu ɗaya, ƙura ta rufe gilashin har yara sun yi rubutu a kai, mai ita kuma ya koma hayar da ya gudu daga gare ta a daidai lokacin da taki yake tafiya. In F-150 aka kawo maka ta 2015 zuwa sama ka sani jikinta alminiyom ne, ba kowane mai bugun mota ke iya gyara shi ba. Faɗi ma abin dubawa ne, Tundra ta ɗan haura mita 2, Hilux wajen mita 1.8, ka tuna lungun shagonka da ranar kasuwa in amalanke da 'yan acaɓa sun cika hanya.

Ba wai babbar ba ta da ranarta ba. Wanda yake jan babban janareta ko injin haƙar rijiya ko tirelar dawaki, ko ɗan kwangilar da yake yini a kan babbar hanya da mutum biyar a ciki, shi kam ta dace da shi. Kai ba ka cikinsu.

Ita ma Hilux ɗin kada ka rufe ido ka biya. Ka tabbatar ba mai sitiyarin dama bace aka juya, ana shigo da irinsu kuma juyin in ba a yi shi da kyau ba hatsari ne. Ka tafi da bakanikenka ba na dillali ba, a ɗaga ta a duba shasi ko an taɓa yin walda, a duba sifirin ko sun kwanta saboda yawancinsu sun sha wahalar kamfani kafin su iso gareji. Takardun kwastan a tantance su da lambar shasi kafin kuɗi ya fita. Kuma ka sa mata tiraka, wato na'urar gano inda mota take, da inshora mai kyau, don yadda masu saye ke son ta haka ɓarayi ke son ta, hanyoyin da kake bi kuwa ka fi ni sanin halinsu.

Abu na ƙarshe da nake so ka yi kafin ka kira dillalin: ɗauko littafinka ka duba buhu nawa kake fitarwa a kowace tafiya cikin wata shida da suka wuce. In bai wuce nauyin buhu 16 ba har da katan-katan na magani, Hilux ta ishe ka. In kuwa kana kai 40 ko 50 to duk biyun ba naka bane, zaka dinga yi mata lodin da ya fi ƙarfinta kana canza sifirin da taya duk wata uku, gara ka nemi motar ɗaukar kaya irin Canter ko Dyna da wannan kuɗin. Ka turo min lambobin da abin da kake biyan haya yanzu a kowace tafiya, sai mu zauna mu fitar da shi buhu-buhu in sha Allah.