Amsa ga mai manhajar da ke mutuwa a wayar mutum ɗaya a Istanbul

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce manhajar da ka rubuta da harshen shirya manhaja na Java tana aiki lafiya lau a wayar kowa, sai wani abokin cinikinka a Istanbul ne take rufe masa da zarar ya buɗe shafin oda, kuma ka duba intanet ɗinsa da samfurin wayarsa ba ka ga komai ba. Kafin ka ƙara kwana a kanta, tambaye shi da wane harshe ya saita wayar. Ina kyautata zaton zai ce maka Turkanci.

Na sha wannan wahalar da kaina a wani ƙaramin kamfani da na yi wa aiki. Sabarmu, wato kwamfutar da manhajar ke karɓo bayanai daga gare ta, tana turo kalmar paid, mu kuma mu mayar da ita manyan baƙaƙe da toUpperCase() mu nemo ta a jerin da muka rubuta PAID. Kwana uku muna lalube. Ranar da aka turo mana bayanan kuskuren daga wayar abokin cinikinmu da abin ya shafa, na ga wani ɗan ɗigo a saman harafin I, har na sa babban yatsa na goge gilashin kwamfutar don na ɗauka ƙura ce. Bai gogu ba. PAİD ne aka rubuta, kuma a wurin na'ura wannan da PAID kalmomi biyu ne da ba su taɓa haɗuwa ba.

Asalin abin shi ne tun 1928, lokacin da Mustafa Kemal Atatürk ya mayar da rubutun Turkanci zuwa haruffan Latin, harshen yana da i iri biyu: mai ɗigo da mara ɗigo, kowanne da babbansa da ƙaraminsa. Babban i shi ne İ, ƙaramin I kuwa ı ne. Ba ado ba ne. Sınır iyaka ce, sinir kuma jijiya, kamar yadda mu ba za mu yarda a haɗa mana kafa da ƙafa ba. Shi ya sa ba na son jin ana cewa "matsalar Turkawa ce". Wayar ta yi daidai da harshen mai ita. Mu ne muka kira toUpperCase() ba mu faɗa mata ƙa'idar wane harshe za ta bi ba, sai ta ɗauki na wayar.

Gyaran ba shi da yawa. Duk rubutun da na'ura ce za ta karanta, irin sunan fayil, umarni, ko kalmar da saba ta turo, rubuta toUpperCase(Locale.ROOT), wato ka ce ta bi ƙa'idar da ba ta kowane harshe ba. Idan kwatanta kalmomi biyu kawai kake so, equalsIgnoreCase() bai damu da harshen waya ba. A sauran harsunan shirya manhaja kuwa, masu Kotlin, uppercase() da lowercase() da suka zo a siga ta 1.5 sun riga sun kauce wa wannan ramin, masu C# kuma suna da ToUpperInvariant(). Kada ka ji kunya, manya ma sun faɗa: an kai ƙorafin irin wannan kan harshen PHP tun 2002, kuma sai a siga ta 8.2 strtolower, mai mayar da rubutu ƙananan baƙaƙe, ta daina bin harshen na'ura.

Amma ina roƙonka kada ka bi lambarka, wato rubutun manhajarka, kaf kana maye komai da Locale.ROOT. Mun yi wannan gaggawar, sai sunan garin İzmir ya koma fitowa ba ɗigo a kan rasit, mutumin ya sake kiranmu, kuma yana da gaskiya. Abin da ɗan Adam zai karanta, bar shi ya bi harshensa. Sai ka zauna ka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka wa zai karanta wannan.

Don ka gani da idonka, shiga saitin wayarka ka mayar da harshen zuwa Türkçe, wato Turkanci, ka buɗe shafin odar. Harshen Azarbaijan ma haka yake yi. A gwajin lamba kuma sa Locale.setDefault(new Locale("tr", "TR")) a farko, ka bar shi a cikin gwaje-gwajenka na dindindin. Idan ta mutu a hannunka, turo mana layin kuskuren mu duba tare.