Yana barci, amma jikinsa yana ji

Ɗana, ka tambaye ni: tunda za mu sa mai karaya barci, mene ne amfanin allurar kashe jijiya kuma?

Barcin tiyata hankali yake ɗaukewa, jiki kuwa yana nan yana ji. Da wuƙa ta shiga nama, ko aka fara huda ƙashi don sa ƙarfe, jijiyoyi sun kai saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. Nan take jiki zai zuba adrenaline da cortisol, sinadaran da yake saki in ya shiga matsi, cikin jini. Ɗaga kai ka dubi na'ura a lokacin: bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, suga ma hawa yake. Matashin ɗan acaɓa da aka kwaso daga hanyar Dukku zai iya jurewa. Tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini da ta karye a ƙugu fa? Ita nake ji.

Allurar nan a hanya take tare saƙon. In hannu ne, mu nemi jijiyoyin a gindin wuya ko a hammata. In ƙafa ce, a matsematsi ko bayan gwiwa. Cikin magungunan da muke turawa, lidocaine yana kamawa da wuri, ya saki da wuri. Bupivacaine yana da nawa, amma yakan riƙe sa'o'i masu yawa. Mutum zai farka ba ihu, morphine, maganin ciwo mai ƙarfi, kaɗan ya ishe shi, amai ya ragu.

Sai dai aikin ba ya son gaggawa. Ka san nauyin majiyyaci tukuna, kada bupivacaine ya wuce miligiram 2 a kowane kilo. Sa na'urar sikanin mai nuna cikin jiki, idonka a kan tsinin allura. Ja sirinji baya kafin ka tura, ka tura kaɗan, ka sake ja. Ka ga jini, tsaya. Na fi son a yi ta yana farke, kafin a sa masa barci, don bakinsa zai tsare mu: ya ce leɓensa ya mutu, ko yana jin ɗanɗanon ƙarfe, ko kunnensa na ƙara, maganin ya shiga jini ke nan. Dakata, sa masa oksijin, a kira ni, a ɗauko Intralipid, ruwan kitsen da ake ƙarawa ta jijiya don karya dafin maganin.

In an kai shi ɗaki, gaya wa nas ta fara ba shi maganin ciwo tun allurar ba ta sake shi ba, don zafin yakan dawo da ƙarfi cikin dare. A riƙa duba yatsunsa kuma. Ƙafar da ba ta ji ba za ta faɗa maka filasta ta matse ta ba.