Shin Kotun Lahai Za Ta Karɓi Ƙarar 'Yar Ƙanwata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Mu mutanen jihar Jazira ne ta Sudan, yaƙi ya koro mu Gadarif. A kan hanya masu bindiga suka yi wa 'yar ƙanwata fyaɗe. Yanzu wani mutum yana bin matsugunanmu da littafi, yana rubuta sunayen matan da abin ya shafa, yana karɓar kuɗi, wai zai kai Kotun Duniya a biya mu diyya. Har yau ba mu kai ta asibiti ba, domin an ce sai da takardar Urnik 8, wato fom ɗin da 'yan sanda suke bayarwa a kai wa likita ya cike. In ba shi sunanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba yarinyar lafiya, Ya bi mata haƙƙinta. Kada ki ba shi sunanta, kada ki ba shi ko sisi.

Irin wannan labari kusan kullum sai ya zo mini, kuma yana ƙona mini rai, domin masu wannan sana'a sun gano cewa da zarar an ambaci Lahai (Hague), birnin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya take, mutane sai su saki jiki. Gaskiya ne Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun, ta sanya fyaɗe cikin laifukan yaƙi da laifukan cin zarafin bil'adama. Amma Sudan ba ta cikin ƙasashen da suka shiga kotun. Ƙofa ɗaya ce aka buɗe mata a ƙasar nan, wato ƙuduri mai lamba 1593 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2005, shi kuwa Darfur kaɗai ya shafa. Abin da ya auku a Jazira ko Sinnar ko Khartum ba ya cikin wannan hurumi, sai fa in an faɗaɗa shi. To wace kotu ce mutumin nan zai kai wa littafinsa?

Ko a Darfur ɗin ma ba haka ake yi ba. Mai gabatar da ƙara na kotun ne yake zaɓar wanda zai tuhuma, takardar da wanda aka zalunta yake cikewa kyauta ce, diyya kuma ba ta zuwa sai bayan an kama wani da laifi, ga mutanen da laifin nasa ya shafa. Dubi Ali Kushaib, wani jagoran mayaƙan Janjawid a Darfur: ta'asar da aka tuhume shi da ita ta 2003 da 2004 ce, ya shiga hannun kotu a 2020, sai a Oktoban 2025 aka same shi da laifi, har da na fyaɗe. Wanda ya ce miki diyya tana nan tafe a watan gobe, cin amanarki yake yi. Asarar kuɗin ma ita ce ƙarama. Littafin da ke ɗauke da sunan yarinya da na ubanta da ƙauyensu, yana yawo a jakar wanda ba ki san asalinsa ba, zai iya faɗawa hannun waɗanda suka aikata abin, ko ya zama abin yi da ita a unguwa, kuma kin san yadda bakin mutanenmu yake.

Yarjejeniyar CEDAW ta 1979 da ta Maputo ta 2003, masu kare haƙƙin mata, ba za su karɓi ƙararki ba, tunda Sudan ba ta kammala amincewa da ko ɗaya ba. Abin da yake hannunki shi ne dokar gida: a 2015 an gyara sashe na 149 na dokar laifuka, aka raba fyaɗe da zina. Akwai kuma tawagar bincike da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a Oktoban 2023, wadda take tattara shaida daga duk faɗin ƙasar a asirce, ba tare da kuɗi ba.

Batun Urnik 8 kuwa, an daɗe da janye sharaɗin cewa sai da shi likita zai duba mace, ko da yake har gobe wasu ma'aikata suna maido mutane a kansa. Maganin kariya daga cutar HIV a cikin awa 72 ake fara shi, kuma wannan jira ya sa mata da yawa sun rasa shi. Ko lokacin ya wuce, ki kai ta gobe da safe a gwada ta, a ba ta magani, a haɗa ta da mai kwantar mata da hankali, ki karɓi rahoton likita ki adana shi. Maganar ƙara kuma ki zauna da ita tukuna, ki ji abin da take so, sannan ku nemi lauya mai rajista.