Amiba a takardar labo: amsoshin likita

Wata uwa daga unguwar Birni: Likita, an gwada bayan gidan ɗana, an ce akwai amiba, amma yaro lafiyarsa lau. In sayo Flagyl?

Hajiya, dakata tukuna, ki duba sunan da aka rubuta. Amiba halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya tak, ba ta da tsayayyar siffa: sai ta miƙa wani sashe na jikinta gaba, saura ya kwarara ya bi. Iri-iri ne ke zama cikin babban hanji. In Entamoeba coli aka rubuta, ba ta cutarwa, ba ta buƙatar magani, amma alama ce kashi ya taɓa ruwa ko abincin gidan. Mai kawo atuni ita ce Entamoeba histolytica. A madubin labo, ƙwanta (siffar da take ɗauka in ta dunƙule cikin ɓawo) da ya ƙosa yana da cibiya 4, wato 'yan ɗigon da ake gani a cikinsa, na coli kan kai 8. Inda gizo ke saƙa shi ne akwai Entamoeba dispar, kamarsu ɗaya sak da histolytica, ita kuwa ba ta yin ɓarna. Sai an ga amiba ta haɗiye jajayen ƙwayoyin jini, ko an yi gwaji na musamman, ake tabbatarwa. Ki kai wa likita takardar.

Wani magidanci daga Mirya: Na sha metironidazol, wato Flagyl, kwana 3, majina da jini suka tsaya, ga shi sun dawo.

Malam, kwana 3 ya yi kaɗan. Ƙa'ida kwana 7 zuwa 10 ce. Kuma shi maganin, amiba mai motsi yake kashewa, ba ya gama da ƙwan da ke kwance cikin hanji, sai an bi shi da paromomisin ko diloksanid. In za a sake gwaji, kashin ya isa labo cikin minti 30, don mai motsin ba ta jimawa a waje. Zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama kuwa, a yi hoton hanta ba jinkiri, domin amibar takan bi jini ta tara mugunya a can.

Wata ɗaliba daga Sabon Gari: Ruwan javel ya isa ga ruwan 'yan garuwa?

'Yata, ɗan ɗigon da ake sawa a ruwan sha ba abin dogaro ba ne a kan ƙwan amiba, ɓawonsa na da tauri. Ki tafasa ruwan ya yi minti 1 yana ɓararraka, ki rufe randa, moɗa kuma ta zama mai mariƙi don kada yatsu su shiga.