Wane akanta ne ya dace da ƙaramin shago?

Ɗana, ka ce tunda ka buɗe naka shagon kafinta wata makaranta ta ba ka aikin kujeru, amma ta ce ba za a sa hannu ba sai ka kawo lambar haraji da takardar shaidar biyan haraji, shi ne kake tambaya ina ake samun akanta, kuma ta yaya ake gane na ƙwarai.

Kafin ka nemi kowa, ɗauko takardar rajistar da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ta ba ka ka duba. In sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, a wajen hukuma kai da shagon abu ɗaya ne, ribarsa kuɗin shigarka ce, harajinka kuma hukumar tattara haraji ta jiha za ka kai wa, wato KIRS a nan Kano. In kuwa kamfani ne mai "Limited" a ƙarshen sunansa, to shi mutum ne daban a idon doka, harajinsa na tarayya ne, wajen hukumar da aka sani da FIRS, wadda dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka mayar NRS. Duk akantan da ya fara yanka maka farashi bai tambaye ka wace rajista gare ka ba, ka yi masa sallama.

Ba a kunna injin tsaga katako don a fere fensir. Shago irin naka, mai yara uku ko huɗu, ba ya buƙatar babban ofishi mai kuɗin shekara. Mai riƙe littafi ya ishe ka, wanda zai zo sau ɗaya a wata ya daidaita shiga da fita, sannan ƙwararre ɗaya da zai duba a ƙarshen shekara ya cike maka takardun hukuma. Ƙwararren nan shi ake tantancewa. Ka tambaye shi ɗan wace ƙungiya ne: ICAN ko ANAN na akantoci, ko CITN ta masana haraji. Ka karɓi lambarsa ta zama mamba ka tabbatar da ita wajen ƙungiyar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Wurin nema kuwa, fara da dilan da kake sarin katako da filawud a wajensa, da shugabannin ƙungiyar kafintoci, da duk wani abokin sana'a da ya daɗe yana kwangila da makarantu ko ma'aikatu. Kada ka tsaya a "yana da kirki". Ka tambaya shekara nawa yake musu aiki, kuma ran da takardar hukuma ta zo da kuɗin da ba a yi zato ba, ya ɗaga waya ko ya ɓace? Waɗanda ke tare mutane a bakin ƙofar ofishin haraji suna cewa "kawo a gama maka yau", yawancinsu 'yan kamasho ne, ba akantoci ba.

A nan ne yara suke faɗawa rami, don haka buɗe kunne. Takardar shaidar biyan haraji ta shekaru 3 da suka wuce take nunawa, kuma hukuma ce kaɗai ke bayar da ita bayan ta ga an biya. Wanda ya ce zai kawo maka ita cikin awa biyu ba tare da ya ga littafinka ba, akwai yiwuwar ta jabu ce, kuma ran da aka bincika sunanka ne a kai, ba nasa ba. Kuɗin haraji kada ya bi ta hannun akanta ko asusunsa. Shi ya lissafa, ya fitar maka da lambar biya, kai ka biya da kanka a banki ko ta waya cikin asusun gwamnati, rasit ya fito da sunanka da lambar harajinka. Ladan aikinsa daban, a rubuce, na wata ko na shekara. Kada ka yarda da ladan da aka ɗaura a kan "abin da na rage maka", don wannan shi ke sa a ɓoye ciniki. Lambar sirrin shiga shafinka na hukuma ma, da wayarka da imel ɗinka za a buɗe, domin in kun rabu kada ya tafi da makullin.

Gwada shi da kwanakin wa'adi. Mutum yana miƙa bayanin kuɗin shigarsa na bara kafin ƙarshen 31 ga Maris. Mai ma'aikata yana kai harajin da ya cire daga albashinsu zuwa 10 ga watan da ke biye, bayanin shekara kuma zuwa 31 ga Janairu. VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya da aikin da aka sayar, kashi 7.5 cikin 100 ne, ana miƙa bayaninsa zuwa 21 ga watan da ke biye, amma ba kowane ƙaramin shago ya hau kansa ba, shi zai duba cinikinka ya gaya maka. A sabuwar doka naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji a kai, sai dai wannan bai ɗauke maka miƙa bayani ba. In ka yi shiru, hukuma tana iya ƙiyasta maka da kanta, ƙiyasinta kuma ba ya tausayi. Kwana 30 ake ba ka ka rubuta ƙorafi, in ya wuce ya zauna.

Sai naka aikin, don akanta ba ya ganin gaibu. Buɗe wa shago asusun banki nasa, kuɗin cefane da gudunmawar biki kada su bi ta ciki. Kowane katako, ƙusa, gam, fenti, man janareta, hayar shago da sallamar yara, a rubuta a ranar, a ajiye rasit. In ba rasit, abin da ka kashe sai a lissafa shi riba. Kuɗin kafin alƙalami da mai aiki ya bayar ka rubuta shi a shafi daban har ka kai kaya.

Kuma makarantar nan tana iya cire wani kaso daga kuɗinka ta ce harajin da ake riƙewa ne. Ba asara ba ce, biyan gaba ne a madadinka. Ka sa lambar harajinka a takardar neman biya, ka karɓi shaidar sun kai wa hukuma, ka miƙa wa akanta ya rage shi daga na ƙarshen shekara.