Ku Tambaya Mu Amsa: Jirgin yaƙin da aka tsinta a hamadar Masar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni fanel bita ne nan Gusau, kwanan baya yaron shagona ya gwada min hoton wani jirgin yaƙi da anka tsinta cikin hamada wai tun yaƙin Hitila shina nan kwance, sai kuma hoto na biyu an buga mishi fenti har da haƙora a baki kamar dodo, kuma wai Turawa na ta faɗa kan gyaran. Shin wanga labari gaskiya na? Kuma mi ya kawo faɗa, mu dai a sana'armu in abu ya lotse ka miƙe shi ka sa fila ka fesa fenti ai ka gama aikinka. Daga mai fanel bita, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam maigida, Allah ya sa albarka a sana'a. Labarin gaskiya ne, kuma ya fi yadda yaronka ya gwada maka ban tausayi.

Jirgin ƙirar Amurka ne na kamfanin Curtiss, su suna ce masa P-40, sojan saman Ingila kuma suka sa masa Kittyhawk. Mutum ɗaya yake ɗauka, inji ɗaya mai silinda 12, bindigogi shida a fukafukai. An ƙera sama da 13,000 lokacin yaƙin amma yau kaɗan suka rage, galibi an narkar da su bayan yaƙi kamar dai yadda 'yan gwangwan ke yi da tsofaffin motoci a nan. Wanda ka gani lambarsa ET574, matuƙinsa wani saje ne Dennis Copping, yaro ɗan shekara 24. Ranar 28 ga Yuni 1942 ne, lokacin Rommel, kwamandan sojan Jamus, ya ci garin Tobruk na Libiya ya koro sojan Ingila suna ja da baya cikin Masar, sai aka ce Copping ya kai wannan jirgi wajen gyara tunda yana da matsala, tayoyinsa ma a sauke ya tashi da su ba a naɗe ba. Su biyu suka tashi kowa da jirginsa, abokin tafiyar ya ga ya saki hanya ya yi ta masa alama amma ina, ya miƙa cikin hamada, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai 2012, shekara 70 cif, wasu ma'aikatan neman man fetur 'yan ƙasar Folan suka yi kiciɓis da jirgin a hamadar yammacin Masar. Farfela ta cire, tayoyi sun karye wajen saukar dole, amma gangar jikin na nan, fentin asali na nan, agogunan gaban matuƙi na nan, har harsasai. Kai ka fi ni sanin abin da ke cin ƙarfe, danshi ne, to can babu shi, ba damina ba raɓar kirki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne an samu rediyo da batir an fito da su waje, ga kuma ragowar laimar sauka a gefen jirgin kamar an yi rumfa da ita, ma'ana yaron ya sauka da ransa, ya yi ƙoƙarin kiran mutanensa, ya fake wa rana, da ya ga ba mai zuwa ya kama tafiya da ƙafa. Gari mafi kusa an ce ya kai mil 200, kamar ka ce mutum ya taso daga Gusau ya bi ta Sakkwato ya nufi Birnin Kebbi a ƙasa, ba rijiya ba bishiya ba ruga. Har yau ba a tabbatar da gawarsa ba, sunansa dai na jikin bangon tunawa da sojoji a El Alamein, wani gari a bakin tekun arewacin Masar.

To daga nan fa aka shiga kwamacala. Hotuna na fita mutane suka fara zuwa, wasu suka farfasa gilasai wasu suka ciccire abin da hannu zai iya ɗauka. Gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Landan ya so a kawo shi gida a ajiye shi yadda aka same shi, suka yi jinga da wani kamfani ya je ya kwakkwance shi ya sa a kwantena, ladan aikin kuma ba kuɗi suka biya ba, jirgi suka bayar sukutum, wani tsohon jirgin yaƙin Ingila mai suna Spitfire, wanda aka yi wa kuɗi kusan fam 200,000. Kamfani ya cika aikinsa ya kai kwantena El Alamein, sai siyasar Masar ta rikice, aka kifar da shugaban ƙasa Mursi a 2013, maganar fitar da jirgi ta bi ruwa. Ga Spitfire ya tafi ga Kittyhawk bai zo ba, ba tsuntsu ba tarko. A ƙarshen 2017 sai ga shi an fito da shi a harabar gidan tarihin soja na El Alamein, an cike inda ya lotse, an sha shi da fenti mai ɗaukar ido, an zana masa bakin kifin shak.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu, kuma ka yi haƙuri maigida zan ɗan taɓa sana'arku. Motar haya aikinta tafiya, in ka miƙe ta ka fesa fenti ka kyauta. Shi wannan darajarsa ba tafiya ba ce, darajarsa ita ce babu hannun da ya taɓa shi tun 1942, kowace lotsawa tana ba da labarin yadda ya sauka, fentin da rana ta koɗar shi ne wanda ma'aikatan lokacin suka shafa. Ka je gidan tarihin Kanta a Argungu, a ce wani ya ɗauki tsohon takobi ko sulke ya kai wa mai walda ya goge shi fes ya fesa masa silba don ya yi kyau, ai Kabawa ba za su yafe masa ba. Kuma haƙoran nan ma ba nasa ba ne, rukuni na 112 na sojan saman Ingila ne aka sani da zanen bakin shak, shi kuwa Copping ɗan rukuni na 260 ne, kamar ka ɗauki rawanin wata masarauta ka naɗa wa hakimin wata. Ni a ganina Masar na da hujjar riƙe shi, a ƙasarsu ya faɗi kuma yaƙin a kansu aka yi shi, ban ga laifin wannan ba. Inda suka kwafsa shi ne fentin, da kuma ajiye shi a fili dab da teku inda iskar gishiri ke kaɗawa.

TAMBAYA: Malam wai irin waɗannan jirage in an tono su ana iya tada su su tashi kuwa, ko dai ado ne kawai? Daga wata ɗaliba, Birnin Kebbi.

AMSA: Ana yi ƙanwata, in akwai kuɗi da haƙuri. A Yulin 1942 jiragen Amurka takwas sun yi saukar dole kan ƙanƙarar Girinlan, aka ceci mutanen duka aka bar jiragen. A 1992 aka tono ɗaya ƙirar P-38 daga zurfin sama da mita 80, gunduwa-gunduwa aka fito da shi ta rami, aka shekara goma ana aiki a jihar Kentaki ta Amurka, ya tashi a Oktoban 2002, sunan da suka sa masa Glacier Girl. Sai dai duk jirgin da za a ce ya sake tashi dole a canza duk abin da ya gaji, wayoyi, robobi, wani lokacin har ƙarfen fiffike, shi ya sa na Masar ɗin masana ba su nemi ya tashi ba tun farko. Fenti ana iya kankare shi a hankali, amma abin da aka goge ko aka yar wajen gyaran ya tafi kenan.

TAMBAYA: Kakana tsohon sojan Boma ne, yakan ce jiragen yaƙin Turawa ta Kano suke bi su tafi Masar, muna ɗauka hirar tsofaffi ce. Haka ne? Daga wani malamin makaranta, Zuru.

AMSA: Allah ya jiƙan mazan jiya, Baba bai yi ƙari ba ko kaɗan. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 kuma Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila, sai suka koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su taso Legas, Kano, Maiduguri, Farlomi wato Njamena, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir zuwa Hartum, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira. In ka lura kusan hanyar alhazan ƙasa ce ta da, wadda kakanninmu ke shekara da shekaru a kanta, su kuma kusan mako guda. Ana tafiya ne ayari-ayari, babban jirgi mai masanin hanya a gaba ƙananan na biye, don wanda ya ɓalle shi kaɗai a wannan daji abin da ya sami Copping ne zai same shi. Daga Satumban 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 suka bi ta nan, kuma akwai Kittyhawk da yawa a cikinsu.